Bindiga Mai Sakata a Bangon Kaka

Ni fa tun farko ban ce a sa ni cikin maganar bindigar nan ba. Ina bakin tasha a kan babur ɗina, na samu fasinja mai zuwa bakin iyaka, har ya ɗora buhun barkono a kan tanki, sai ga kiran Baffa Sale, ƙanin babana: “Bala, ko mi kake yi ka ajiye ka taho gida.” Na ɗauka rasuwa aka yi. Na sauke bawan Allah da barkononsa yana zagina da Faransanci, na sheƙo gida. Ashe bango ne ya faɗi.

Ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa ne ya kwantar da gefen ɗakin Kaka Tabawa, ɗakin da ke rufe tun rasuwarta shekara huɗu. A cikin ƙasar bangon aka ga wani dogon abu nannaɗe da fatar shanu. Da aka warware sai ga bindigar mijinta, kakanmu Tsoho Barau, an shafe ta da man kaɗanya daga baki har gindi, kamar jiya aka ajiye ta. Ga harsashi huɗu a ƙulle cikin tsumma.

Ba irin ta maƙeran garinmu ba ce. Wani Bature da Tsoho ya yi wa jagorar farauta ne ya bar masa. Irin wadda ake jan wani ƙarfe baya, a sa harsashi ɗaya, a tura a kulle kamar ƙofa. Shi ya sa a gidanmu ake ce mata Mai Sakata. Matsalar kawai, sakatar ba ta jiki. Inda ya kamata ta zauna rami ne, kamar bakin da aka cire wa haƙori.

Kafin azahar an samu masu so biyu. Baffa Sale ya san wani Alhaji a Katsina mai tara tsofaffin bindigogi yana jerawa a bangon falonsa, da takardunsa da komai. Sai kuma Nura, ɗan wan babana, sa'ana, wanda muka tashi a tabarma ɗaya. Shekara biyu ke nan ɓarayin daji suka tare babansa a hanyar gonarmu ta Farfaru, gawarsa aka dawo da ita a amalanke. Tun ranar Nura bai ƙara dariya ba. Ya ɗauki harsasan nan huɗu yana juya su a tafin hannu, ya ce, “Huɗu sun ishe ni. Na san inda suke shayar da shanu.”

Baffa bai yarda a bar bindigar wurin Nura ba. Nura bai yarda a bar ta wurin Baffa ba. A nan ne suka haɗu a kan abu ɗaya, karon farko a rayuwarsu.

“A ba Bala gadi,” in ji Baffa. “Ba shi da zuciyar harbi.”

“Ba shi da wayon sayarwa kuma,” in ji Nura.

Na ce, “To na gode da yabo, amma ina da aiki.”

Baffa ya zare makullin babur ɗina ya jefa aljihu. Aka jingina zana a inda bangon ya faɗi, aka shimfiɗa mini tabarma, aka ce ko masallaci zan je sai ɗayansu ya karɓe ni. Ni da nake kai mutane wata ƙasa sau goma a wuni, ga ni ba ni da ikon zuwa bakin ƙofa sayen rake. Ina jin kamiyo, manyan motocin kaya, na wucewa hanyar Maraɗi, ina jin abokaina na kwashe fasinjojina, ni kuwa ina zaune da gungumen katako da ƙarfe wanda in masu sintiri suka leƙo suka gan ni da shi, ba wanda zai tsaya jin tarihin kakana.

An haƙe ƙasan ɗakin ana neman sakatar nan. An zazzage tsofaffin tukwane, an fasa wata randa. Kowa ya san wurin Kaka take, amma ba wanda ya san inda ta sa ta.

Kwana na biyu Alhajin ya zo. Wallahi na zaci zan ga wani mai fuskar yaƙi, sai ga dattijo mai tabarau da sanyin murya. Ya tsuguna gaban bindigar kamar wanda ya zo gaida mara lafiya. Ya shafa katakon da bayan yatsa, ya ɗaga ta ya leƙa ramin bakin ta wajen haske.

“Ka ga wannan, yaro? Da hannu aka yi ta. Mutum ne ya zauna ya goge katakon nan har ya dace da kumatu. Ba ta ƙin tashi, ba ta ƙarya. Maharbi mai irin wannan ba ya ɓarna, don ya san harsashi ɗaya gare shi kafin ya sake jan sakata. Ni ba harbi nake da su ba. In na gaji da duniya, na kan ɗauko ɗaya in ja in tura, in ji ƙarar kawai.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in ƙara ce, babur ɗina ma yana yi, kuma zan bar maka shi da sauƙi.”

Ya yi dariya, Baffa ya harare ni. Aka sa ni karanta lambar da ke jikin ƙarfen, tunda ni ne ɗan bokon gidan, da aji biyuna na sakandare. Alhaji ya ce sakatar ma tana da lamba irin wannan, kuma in ba ita ba, abin da ke gabanmu sanda ce mai kyau kawai. Sai ya ciro waya ya nuna mana hoton yadda take: dogon ƙarfe kamar tsawon tafin hannu da rabi, da ɗan hannu a gefe mai dunƙulallen kai kamar ƙwan zabuwa.

Ina ganin dunƙulallen kan nan, sai na ji ƙamshin hayaƙin kara a hancina.

A gidanmu ba a hura wuta don tatsuniya. Ragowar garwashin tuwo ne Kaka ke tarawa da kara bayan isha'i, a bakin wannan ɗakin da aka tsare ni. Mu jikoki mu kewaye murhun, kowa da hannun miya bai gama lashewa ba. Kaka ba ta da haƙoran goro, don haka tana da ɗan ƙaramin turmi da wani madaki da aka ɗinke da jar fata, kansa kawai ke waje, baƙi sumul don tsufa. Sai ta daka goronta tukuna, a hankali, muna ta mutsu-mutsu. In ta ga dama, sai ta buga madakin a bakin turmin sau uku. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

“Kunnuwa sun iso, ko suna hanya?”

Mu ce baki ɗaya, “Sun iso, Kaka!”

Ko manyan gidan in suka ji bugun nan uku sai su rage murya, don su ma da shi aka rene su.

Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta. Angonta take ce mini. “Angona, matso in ji ɗuminka, ko da yake kai miji ne na banza, ko goro ba ka taɓa saya mini ba.” Ni kuma in ce, “Tsohuwa, sai kin fito da haƙora zan kawo lefe.” Ta kai mini duka da mafici, ta yi dariya har tari ya kama ta.

Tana da labarai da yawa, amma wanda muke roƙo kullum shi ne na Tanko da Jatau.

Wai maharba biyu ne a wani gari can bayan duwatsu. Bindigar Tanko tana magana. Duk harbin da ya yi sai ta rufe bakinta gam, ba ta sake buɗewa sai ta tambaye shi: “Mi za ka harba? Wa za ya ci?” In ya ce barewa, iyalina da maƙwabta, sai ta buɗe. In ya tsaya inda-inda, ta yi shiru abinta har naman ya wuce. Jatau ya yi ta yi masa dariya, wai bindigarsa ta cika surutu kamar tsohuwa. Kaka in ta zo nan sai ta dafa ƙirji ta ce, “Kun ji mara kunya.”

Jatau ya tafi wurin aljanin tsamiya ya ce yana son bindigar da ba ta tambaya. Aljani ya ce, “Akwai. Amma fa ba ta ajiyuwa.” Jatau bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya saɓa ta a kafaɗa. Ran farko ya kashe barewa goma, tara suka ruɓe a daji. Rana ta biyu ya bi zabbi da zomaye. Rana ta uku daji ya yi tsit.

“Namun sunka kwashe ɗiyansu sunka ƙetara Faransa,” in ji Kaka, tana nuna arewa da haɓa, don ita har ta rasu haka take kiran Nijar. “Ko duwan, kwastan ɗinsu na bakin iyaka, bai tsai da su ba, don ya ga hawaye a idon giwa.”

To nama ya ƙare, amma bindiga ba ta ƙoshi ba. Jatau ya zo sauke ta, ta ƙi sauka, ta manne da kafaɗarsa kamar da ita aka haife shi. Duk abin da ya motsa sai bakinta ya juya da kansa. Ta harbe karensa. Ya nufo gida a guje, mutanen gari suka rufe ƙofa. Ƙaramar ɗiyarsa ta fito ta wata kafa tana “Baba oyoyo”, sai ya ji bindigar tana ɗagowa. Nan ya juya ya ruga daji, ya faɗa kogon wata kuka, ya zauna ya ɗaga bakinta sama ya rungume ta da hannu biyu. Ba ya iya fita, ba ya iya barci.

“Har yau yana ciki,” Kaka za ta ce da ƙaramar murya. “In kunka ji tsawa babu hadari, Jatau ne hannunshi ya gaji.”

Mu duka sai mu matsa jikin juna. Akwai ran da na tambaye ta, “To Tanko fa? Don mi bai je ya harbe shi ya huta ba?”

“Ya je mana. Bindigarshi ta ce, mi za ka harba? Ya ce ɗan'uwana. Ta ce, wa za ya ci? Ya tsaya har rana ta faɗi bai samu amsa ba, ya komo gida.”

Nura kuwa, tun yana ɗan mitsitsi, sai ya ce, “Ni dai ta Jatau nake so.” Ni in ce ni ba na son ko ɗaya, barewa taran nan da suka ruɓe su ke ba ni haushi. Kaka ta ce, “Angona, kai ciki za ya kashe ka. Wancan kuwa zuciya.” Daga nan ta watsa toka a kan garwashin ta ce, “Wuta ta kwanta, labari ya bi ta. Kowa ya nemi uwarshi.”

Sau ɗaya tak ta ba mu labarin da ba tatsuniya ba. Ta ce Tsoho Barau bai taɓa wuce zaure da bindiga mai rai ba. In ya dawo farauta, a nan zai zare sakatar ya miƙa mata ya ce, “Ga ajiya.” In zai fita da asuba ya zo karɓa, sai ya faɗa mata inda za shi da abin da zai nema. Haka maharban gidansu ke yi: bindiga wurin miji, sakata wurin mata. Wata rana da tsakar rana ya faɗo gida idonsa jawur, sun yi rigimar iyakar gona da wani maƙwabci. Ya ce ta ba shi ajiyarsa.

“Na ce wayyo malam, na manta inda na sa. Na buɗe kwalla, na rufe. Na kwance ƙunshin daddawa, na ɗaure. Ina nema ina salati, har anka kira la'asar. Ya tahi masallaci ya komo, ya ce in bar shi. Wannan maƙwabcin, ɗiyarshi ce ta haifi Nura.”

Muka yi ta dariya muna nuna Nura. Ban taɓa haɗa labarin da madakin goro ba. Ko ran da na faki idonta na ɓanɓare bakin jar fatar na ga wasu lambobi a jikin ƙarfen, abin da ya tsaya mini a rai murɗe kunnen da na sha ne kawai.

Sai da Alhaji ya nuna hoton nan. Shekara da shekaru sakatar na gaban idon kowa, tana daka goro. Maza sun haƙe ƙasa, sun fasa randa, amma ba wanda ya tuna da tarkacen tsohuwa da aka tattara aka ba Gwaggo Lantana, babbar 'yar Kaka, wadda ita ma haƙoranta sun fara sallama.

Kuskurena ɗaya: na yi shiru. Ni da ko a jana'iza sai an taka mini ƙafa nake rufe baki. Baffa ya dube ni ya ce, “Kai, lafiya?” Na ce cikina ne. Bai yarda ba. A ransa na tsinci sakatar a ɗakin na ɓoye, zan kai ta Maraɗi in sayar.

Kwana na uku da hantsi aka tara gida a tsakar gida. Alhaji ya dawo jin ƙarshen magana, an ba shi kujera a inuwa. Gwaggo Lantana ta zo daga gidanta, ta zauna can gefe a tabarmar mata da 'yar jakarta. Nura na tsaye jikin bango, harsasan nan na ƙara a aljihunsa. Baffa ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka ya ajiye a kan buzu.

“Je ka yi alwala. Ka dafa ka ce ba ka san inda take ba, in ba ka makullinka ka tafi.”

Ni maƙaryaci ne, ban musa ba. Na sha gaya wa fasinja cewa mai ya yi tsada alhali da na jiya nake tafiya. Amma ban kai in dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba. In kuma na faɗi gaskiya, na san abin da zai biyo baya. Kafin Alhaji ya gyara tabarau Nura ya fizge ta, kuma kafin magariba yana bakin wani rafi da harsashi huɗu da suka girme shi, gaban mutanen da ke zuba wuta kamar ruwan kwano. Amalanken da ya kawo babansa yana nan bai lalace ba.

Na ɗauki buta na tsuguna bakin magudana. Ban taɓa alwala mai tsawon wannan ba. Na wanke hannu, na tsaya duba farce. Na kurkure baki kamar mai ciwon haƙori. A nan ne na gane ashe abin da Kaka ta yi da kwallarta nake yi. Duk shekarun nan na ɗauka labarin Tanko labarin bindigar aljanu ne, ashe labarin tsohuwa ne da ke tsaye a zaure tana tambayar mijinta ina za shi. Abin da Alhaji ke so a jikin Mai Sakata, wannan ɗan jinkirin tsakanin harbi da harbi, shi Tsoho ya ga bai isa ba, ya ƙara masa da tafiya har ɗakin matarsa. Yanzu daji ya cika da irin ta Jatau, mu kuma mun rufe ƙofar gari muna hangen gonakinmu daga nesa. Ban san yadda ake fita daga wannan ba, aji biyu bai koya mini ba. Na dai san kogon kukar nan ba ya cika, kullum akwai wurin mutum ɗaya.

“Alwalar gawa kake yi?” Baffa ya daka mini tsawa.

Na miƙe, ruwa na ɗiga daga gemun da ban da shi. Na ce, “Baffa, a mayar da Alƙur'ani. Na san inda take. Ba zan faɗa ba.”

Gida ya kaure. Baffa ya yo kaina da takalmi a hannu. Nura ya riga shi, ya shaƙe mini wuyan riga har na ji maɓalli ya tsinke.

“Bala, ubana fa. A amalanke. Kai ka riƙe ƙafafunshi.”

“Na riƙe,” na ce. “Shi ya sa ba na son riƙe naka. Kai ka fi shi nauyi.”

Ya ɗaga hannu zai kwaɗa mini. Na rufe ido.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Wallahi kamar an zare wa gidan wuta. Takalmin Baffa ya tsaya a sama. Hannun Nura ya saki rigata, na ga leɓensa ya motsa da kansa, kamar zai ce sun iso. Muka juya gaba ɗaya. Gwaggo Lantana na zaune da ɗan turmi tsakanin ƙafafunta, da madaki mai jar fata a hannu. Alhaji ya miƙe tsaye a hankali, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Hajiya,” ya ce, “wannan abin da ke hannunki…”

“Na san ko mi ne, Alhaji. Tun kana zanen goyo na sani.”

Baffa ya jefar da takalmin. “Yaya, kina gani muna haƙar ƙasa kamar gafiyoyi? Ai gadonmu ne, mu maza. Kawo ta nan.”

Nura ya durƙusa gabanta. “Gwaggo, don Allah. Kwana ɗaya kawai.”

Ta dube shi ta ce, “Mi za ka harba, Nura?”

“Kin sani.”

“Wa za ya ci?”

Nura ya sunkuyar da kai yana kallon turmin.

Baffa kuwa bai haƙura ba. Ya shiga kawo maganar rabon gado, da haƙƙin 'ya'ya maza, da cewa mace ba ta da hurumi a kayan farauta, zai kira malami a raba a gaban kowa. Gwaggo ta ɓare goro ta jefa rabi a turmi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Sale, bindiga taku ce, ku raba, kowa ya ɗauki gefen da yake so. Wagga kuwa ajiya ce Baba ya ba Inna da hannunshi, kuma wanda ya ba da ajiya shi ka karɓa. Kun san inda yake kwance. Je ka taso shi ya zo ya gaya mini inda za shi, in ba shi. Kafin nan matsa mini daga haske, goro nike dakawa.”